Bustar Da Aka Sa Domina

Ku yi haƙuri da ni yau, don ni kaina ban san ko labarin farin ciki zan ba ku ko na baƙin ciki ba. Kaina ya kulle, ga ƙulu a goshi da ya ƙi sacewa. In kun karanta kun gano inda na ɓata, ku nuna mini, ba zan ji haushi ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a kantin magani. Babana bakanike ne, kuma birki kaɗai yake gyarawa. Ko hannun ƙofar motarka ne ya karye, tura ka zai yi wajen wani. Yayana yana aiki a ƙarƙashinsa, suna faɗa kullum, suna shiryawa kafin la'asar. Mai nemana kuwa awon filaye yake yi, mutum ne shiru-shiru mai guge riga har da aljihu. Aibinsa ɗaya a idon danginmu: yana da wata tsohuwar jar mota da ya zuba wa rayuwarsa, kuma duk Asabar yakan sa hular kwano ya je tsere da ita a wani tsohon filin jirgi da aka killace. Gwaggona, yayar Baba, ita ta raɗa masa Ɗan Tsere. Sunan ya bi shi har cikin wayata.

Umma so take a yi a gama. Ta ce ƙawayena duk sun tafi sun bar ni ina ƙirga ƙwayoyi a bayan kanta. Gwaggo kuma ta rantse ba za ta zuba ido a kai 'yar ƙaninta gidan wanda yake fita neman ajalinsa da ƙafarsa ba. Baba ne mai yanke magana, shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba, har na fara ramewa. Rannan muna shan shayi da safe, bai ko ɗago kai daga kofinsa ba, ya ce in gaya wa yaron nan ya kawo motar gareji ya gani.

Motar, ba shi ba. Na tambayi Umma ko na ji daidai, ta ce in tashi in yi abin da aka ce.

Ranar na ɓata lokaci a gaban madubi kamar wadda za ta je ɗaukar hoto. Doguwar riga ruwan toka mai aikin zare a wuya, mayafi ruwan hoda, da takalmi mai tsini wanda ban taɓa sawa ba sai ranar. Gareji fa za ni, wurin da na girma ina tsallake kwalaben man birki. Yaya ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko ɗaurin auren tayoyi aka gayyace ni.

Ɗan Tsere ya iso kan lokaci, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa, ya karɓi makulli, ya shiga ya tayar da motar. Injinta ba ya zama lafiya kamar na motocin mutane, sai gurnani da tari, har kwanon rufin gareji yana amsawa. Baba ya taka birki, ya saki, ya sake takawa. Ya fito ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallon wani wuri da babu komai a jikin bangon da ya raba injin da wurin zama, saitin direba.

"Ina bustar?"

"Na cire ta, Baba."

Bari in yi muku bayani, don ni 'yar mai birki ce, tun ina ƙarama ni ake zaunarwa in yi ta taka birki ana cire masa iska. Busta wani baƙin abu ne zagayayye kamar tukunya da murfinta, yana zaune tsakanin ƙafar direba da birki. Injin mota yana zuƙar iska, ita kuma busta tana aron wannan zuƙar ta ƙara wa ƙafa ƙarfi. Shi ya sa tsohuwa mai ciwon gwiwa take iya tsayar da babbar mota da ɗan yatsan ƙafa. In babu ita, ƙarfin cinyarka kaɗai ne zai fisshe ka.

Ɗan Tsere ya yi bayani cikin ladabi, hannu a baya kamar ɗan makaranta. Ya ce ya canza kayan cikin injin don ya ƙara gudu, kuma irin wannan injin ba ya zuƙa sosai, don haka bustar takan yi taushi yanzu, anjima ta yi tauri. Ya ce a wajen tsere ya fi son birki mai hali ɗaya, ko da mai tauri ne. Ba tare da ita ba yana jin taya a tafin ƙafarsa, yana sanin daidai lokacin da take shirin sulɓewa. Ga rage nauyi, ga sarari a gaban mota. Baba yana ta gyaɗa kai, har da cewa haka ne. Ni kuwa zuciyata fari fat, na ce mun ci jarrabawa.

Sai kawai Baba ya miƙo mini makulli.

"Auta, ja ta zuwa bakin ƙofa ki tsaya."

Na iya mota sarai, ni nake kai Umma asibiti. Na tattare rigata na shiga, na sa giya, ta fara tafiya a hankali, tafiyar da ko kaza za ta wuce ta. Da na zo ƙofa na taka birki. Wallahi kamar na taka dakalin siminti. Na ƙara ƙarfi, tsinin takalmin ya goce. Na fizge shi na taka da ƙafa tsirara, na riƙe sitiyari na miƙe tsaye a kan birkin nan, motar tana ta tafiyarta ba ruwanta da ni, har ta je ta sumbaci tarin tsofaffin tayoyin da ke gefen ƙofa ta mutu. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Birkinka lafiya lau yake. Motar mutum ɗaya ce dai." Ya juya ya tafi wanke hannu.

Da yamma ina ninke kaya a ɗaki saƙon Ɗan Tsere ya shigo.

"Ranki ya daɗe, ƙafa ta huce?"

"Ƙafa ta huce, mutunci ne bai dawo ba."

"Zan mayar da bustar. Ba zan ajiye motar da matata ba za ta iya tsayarwa ba."

Matata. Na karanta kalmar nan har allon wayar ya mutu na sake kunnawa. Ku gaya mini gaskiya, wacece a cikinku ba za ta narke ba? Na tura masa cewa kada ya takura kansa, alhali ina addu'a a raina ya takura.

Washegari ya koma wajen Baba ya roƙe shi ya sa masa bustar da hannunsa. Baba ya ƙi. Yaya ne ya kawo mini rahoto har kantin magani. Wai Baba ya ce da wannan injin sai an haɗa mata da famfon lantarki mai zuƙar iska da ɗan tanki, in ba haka ba za ta yi taushi a takun farko ta ci amanar mutum a na gaba, kuma kowane ƙarin tiyo da waya ƙarin abin lalacewa ne. Ya ce busta ba ta ƙara wa taya kamun ƙasa, ƙafa kawai take lallaɓawa. Amma babban dalilinsa shi ne ƙafar yaron. Ya ce shekara da shekaru ƙafar nan ta saba da dukan dutse, ba a rana ɗaya za a koya mata taka ƙwai ba, ga tsere ranar Asabar.

To ni a nan na fara ruɗewa. Jiya mutum ya yi ƙorafin babu busta, yau an ce ya sa ya ce ba ya sawa. Me yake so ke nan? Na kai ƙara wajen Umma tana yankan albasa, ta ce ita da ta haifa masa 'ya'ya har yau ba ta gama gane shi ba, balle ni. Gwaggo da ta ji labari ta waya ta ce ai maganar a fili take, ƙaninta ba ya son auren ne yake kewaye-kewaye. Na kwanta da wannan, na tashi da shi.

Yaya dai ba ya ganin aiki ya ƙyale. Shi da Ɗan Tsere suka kai motar garejin wani abokinsa a ɓoye, suka sa busta da famfo da tanki, suka canza har ƙarfen da ake takawa. Ina sane. Hotuna ma ake turo mini, ina mayar da 'yan zukata jajaye. Ba wanda ya taɓa sauya abin da yake ƙauna saboda ni, kuma daɗin abin ya hana ni tunanin komai.

Ranar Alhamis bayan na tashi aiki suka zo gwaji. Wannan karon takalmi shimfiɗaɗɗe na sa, da baƙar abaya, ba kwalliya. Motar ba ta da kujerar baya, an cire, don haka Yaya ya biyo mu a babur. Muka je wani titi a bayan rumbunan ajiyar kaya inda ba kowa. Na karɓi tuƙi. Da na ɗora ƙafa a kan birki sai motar ta tsaya cak, a hankali, cikin biyayya. Na sake ja, na sake tsayawa. Na yi ta yi kamar yarinyar da aka saya wa sabon keke, famfon yana ɗan zuzu a gaba duk lokacin da na taka. Ɗan Tsere yana gefe yana kallona yana murmushi. Ban taɓa jin ina son sa kamar lokacin ba.

Da za mu koma ya karɓi tuƙi. Bel ɗin motar irin mai igiyoyi da yawa ne, ina ta fama da shi ban gama ɗaurawa ba ya ja. Ba gudu yake ba, na rantse. Sai wani mai kura ya turo dogayen bututai daga wata ƙofa, suka tare rabin titi. Ƙafar Ɗan Tsere ta yi abin da ta saba, ta daki birki da dukan ƙarfinta. Tayoyi suka kafe, suka yi ƙara, motar ta juya gefe tana jan ƙasa, goshina ya haɗu da ƙarfen gefen gilashi. Muka tsaya dab da bakin kwata, warin roba ya cika ko'ina. Mai kura ya zage mu ya wuce da bututansa.

Ba ciwon goshin ne ya tsaya mini a rai ba. Fuskar Ɗan Tsere ce. Ya sunkuya yana kallon ƙafarsa kamar ta wani ce aka ara masa. Mutumin da ko yaushe yake cewa yana jin motar nan kamar jikinsa, ga shi zaune a cikinta baƙo. Ya dawo hayyacinsa ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce laifinsa ne, ƙafar za ta koya. Na ce kafin jibi? Ya ce in bar masa wannan.

A gida na ja ɗankwali har gira. Umma ta janye shi da yatsa ɗaya, na ce ƙofar kabad ce a wurin aiki. Baba yana zaune yana sauraron rediyo. Ya dubi goshina, ya dubi Yaya da ke cin shinkafa a bakin ƙofa, ya tambaye shi cikin ruwan sanyi ko famfo ya haɗa wa motar ko tanki kawai. Yaya, baki cike, ya ce duka biyun. Sai da maganar ta fita ya gane abin da ya yi, cokali ya tsaya masa a iska. Baba ya ce a kawo motar gobe da safe, ya ƙara muryar rediyonsa.

Yau Juma'a ke nan, gobe tsere. Na nemi izini a wurin aiki na tafi gareji. Na tarar da Gwaggo ta riga ni, an sa mata kujerar roba a inuwa, jaka a cinya, ta zo ganin ƙarshen wasa. Ban san wa ya gaya mata ba, amma ina zargin Umma.

Baba ya bi aikin tiyo bayan tiyo, ya taka, ya kashe injin ya sake takawa, ya saurari famfon. Ya ce aikin Yaya ya yi tsabta, ba abin da zai gyara. Yaya ya kusa faɗuwa, don bai taɓa jin haka daga bakinsa ba. Sannan Baba ya tambayi Ɗan Tsere ko da wannan birkin zai shiga fili gobe. Ya ce e, zai fita da sassafe ya yi ta gwaji har ƙafar ta saba. Baba ya ce ƙafa takan saba a lokacin da hankali yake kwance, amma ran da abu ya faɗo gabanka tsohon karatunta take komawa. Gwaggo ta ce ga hanya mai sauƙi, a bar bustar, a bar tseren, kowa ya huta. Ɗan Tsere ya sunkuyar da kai, kuma duk mun san ba zai bar tseren ba.

Sai Baba ya juyo gare ni.

"An ce dominki aka sa. To ke za ki faɗa. A bari ko a cire?"

Jama'a, ina laifina da za a ɗora mini wannan? In na ce a bari, na tura shi fili gobe da ƙafar da ba ta san motarta ba, a gudun da ya ninka na jiya ban san sau nawa ba. In na ce a cire, na mayar masa da kyautarsa a gaban mutane, kuma na nuna wa Gwaggo na yarda da tseren. In na bi Gwaggo, na auri mutumin da na yanke wa wani sashe na jikinsa. Kuma har lokacin ban san wace amsa Baba yake jira ba. Na nemi fuskarsa in karanta, yana goge sifana da tsumma abinsa.

Abin da ya zo mini kawai shi ne yadda Ɗan Tsere ya kalli ƙafarsa jiya.

"A cire," na ce.

Ɗan Tsere ya ɗago. "Ba kya so?"

"Ina so. A cire dai."

"Na ce miki zan koya."

"Na ji. Ba na son ka koya gobe."

Ya daɗe yana dubana. Na so in ƙara bayani, in ce masa tsoro nake ji, in ce masa na fi son sa da rai a kan in tuƙa jar mota, amma ga Baba, ga Gwaggo, ga Yaya, kunya ta hana ni. Ya ajiye makulli a kan teburin aiki, ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ya yi wa Gwaggo, ni ko kallo ban samu ba. Ya fita titi ya tari tasi. Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce ta ga yarinyar da ta zaɓi takaba tun kafin aure, ita ba da ita ba. Ta tafi ita ma.

Na zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota ina haɗiye kuka. Baba ya naɗe hannun riga, ya sa Yaya ya kawo tsofaffin kayan da aka cire, ya duƙa cikin gaban motar. Ba abin da ake ji sai ƙarar sifana. Can, kansa yana ciki, muryarsa ta fito.

"Auta, ki gaya masa ya turo iyayensa."

Na ce, "Na'am?"

"Kin ji ni."

Na tambaye shi dalili, ya ce in matsa daga haske ina tare masa. Yaya ya raɗa mini wai tun ranar farko Baba ya yarda, ja mana rai kawai yake yi. Na kira Umma, ta yi hamdala, ta ce a'a, amsata ce ta yau ta sauko da shi. Ni ban san wanda zan gaskata ba, kuma ban damu ba. Abin da na shafe watanni ina roƙo ya samu. Na buɗe waya na fara rubuta masa albishir, ina gogewa ina sakewa don in sami kalmar da ta dace.

Ban kai ga turawa ba nasa ya shigo.

"Ki ce wa Baba kada ya taɓa motar. Yadda take haka zan shiga da ita gobe. Na yi abu dominki kin mayar mini a gaban mutane. Sauran maganar da ke tsakaninmu kuma a dakata tukuna, ina son in yi tunani."

Na karanta, na sake karantawa, ban fahimci komai ba sai kalmar dakata. Ku da ba ku san Babana ba, ba ya faɗin magana sau biyu. In ya ji cewa ya buɗe baki ya ba da 'yarsa, wanda aka ba kuma ya ce a dakata, to an rufe wannan babin har abada, ko duk dangi za su taru a kansa. In kuma na ɓoye, ga mota an ce kada a taɓa.

Na ɗaga kai in ce wani abu, ko me ya zo bakina. Sai ga Baba yana tahowa rungume da bustar, tiyo yana reto a jikinta. Ya dire ta a gabana, ya ja tsumma yana goge hannu, fuskarsa a sake irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Kin gaya masa? Me ya ce?"

Na kife wayar a cinyata. "Bai amsa ba tukuna, Baba."

"To kira shi. Ki buɗe muryar yadda zan ji, ni zan gaya masa da bakina."

Yaya ya matso yana washe baki. Baba ya tsaya a kaina yana jira. Na juya wayar, na rufe saƙon da babban yatsa, na danna kira, ina roƙon Allah a raina kada ya ɗauka.

Ya ɗauka.